Ba ciwo ba ne, kyamara ce

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kai da Inna da yara kuna lafiya. Ni ma lafiya lau, sai dai sanyi.

Don Allah ka ce wa Inna ta kwantar da hankalinta. Ba ciwo ne ya sa na yi baƙi wuluk a hoton nan na cikin dusar ƙanƙara ba. Laifin kyamara ne, ko in ce nawa, da na sakar mata ragama. Ashe ma'aunin haskenta duk abin da ya gani so yake ya mai da shi ruwan toka. Da ya ga ko'ina fari fat sai ya rage haske, ƙanƙarar ta yi dishi-dishi, ni kuwa sai haƙora.

Wani dattijo da muke aiki tare ne ya murɗa mini maɓallin zuwa M, ya ce daga yau ni zan riƙa saitawa. Ƙofar haske ta fi ba ni wahala, don lissafinta a juye yake: f/2.8 a wangale take, f/16 kuwa kamar kafar allura. Sai saurin ƙiftawa, wato tsawon lokacin da haske ke shiga, sai ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, wanda in ka ɗaga shi da yawa hoto ya yi tsaki-tsaki.

Ya ce in rana ta take, ba gajimare, in fara da f/16, ISO 100, ƙiftawa 1/125 na daƙiƙa. Daga f/16 zuwa f/11 haske ya ninka, zuwa f/8 ya sake ninkawa; kowane ninki shi ake kira taki ɗaya. A kan ƙanƙara kuma in ƙara taki ɗaya ko biyu a kan abin da ma'auni ya nuna.

Ranar Asabar na gwada a kan tattabaru. A 1/125 fikafikansu sai ka ce hayaƙi. Na kai 1/1000, hoto ya yi duhu ƙirin, na tsaya ina zargin kyamara kafin in tuna taki uku na ɗebe, dole in biya. Na cire safar hannu, yatsuna na karkarwa, na buɗe zuwa f/5.6. Yaya, har gashin fiffike ana ƙirgawa! Hotuna sun fi talatin da na goge kafin wannan.

Ga sababbi guda huɗu nan. Ka fara nuna wa Inna na biyun, a nan fuskata ta fi fita. A gaishe min da kowa da kowa.

Ƙanenka.