Ba fatalwar ce ke ba ni tsoro ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili in faɗi abun da ya daɗe yana cin raina. Duk sanda aka ga littafin ban tsoro a hannuna sai a hau min dariya, wai me babbar mace kamar ni za ta yi da labarin fatalwa. Ni kuwa irin waɗanda Turawa ke kira gotik nake karantawa, masu tsohon gida da ɗakin da aka kulle aka hana kowa shiga, kuma wallahi tunda nake karanta su fatalwa ba ta taɓa hana ni barci ba, iyayen da ke cikin labarin ne ke hana ni, da abun da suke yi wa 'ya'yansu mata.

Ku duba wanda ake cewa shi ya buɗe ƙofar, The Castle of Otranto na Horace Walpole da ya fito a Ingila a 1764. A ciki ɗan mai gidan da ake kira Manfred ya mutu ranar aurensa, wata ƙatuwar hular ƙarfe ta faɗo ta danne shi, abun ma ya so ya ba ni dariya. To amma uban yana da 'ya Matilda, ko kallo ba ta ishe shi ba, shi magaji namiji kawai yake nema har ya ce zai rabu da matarsa ya auri amaryar ɗan nasa. Ƙarshe 'yar tasa ya soka da wuƙa yana zaton amaryar ce, tana bakin mutuwa kuma tana yafe masa. Asalin masifar ma kakan Manfred ne ya ci gidan da zalunci, ita da ba ta ji ba ba ta gani ba ita ta biya.

Labarin marubuciya Mary Shelley ya fi taɓa ni dan shi ba ƙage ba ne. Uwarta Mary Wollstonecraft ta rasu a 1797 kwanaki kaɗan da haihuwarta, ta taso hannun ubanta William Godwin tana ji da shi kamar me, da ta gudu da Percy Shelley a 1814 sai ya ɗauke mata wuta ya daina kula ta. Duk da haka da Frankenstein ya fito a 1818 shi ta sadaukar wa littafin, littafin da gaba ɗayansa kan wanda ya samar da halitta ne ya kalle ta sau ɗaya ya juya mata baya, ku dai ku auna wannan. Daga baya ta rubuta Mathilda kan uban da son da yake wa 'yarsa ya kauce hanya, ta aika wa Godwin, ya riƙe bai dawo mata da shi ba, sai 1959 aka buga.

A 1959 ɗin ne kuma Shirley Jackson ta fitar da The Haunting of Hill House, wanda shi ne dalilin wasiƙar nan. Jarumar littafin Eleanor shekararta 32, sha ɗaya daga ciki jinyar uwarta ta yi, uwar da ba godiya ba sannu. Daren da uwar ta rasu ta yi ta buga bango tana kiranta ba ta tashi ba, kuma abun da ke cin ta shi ne anya ba ta farka ta ji ba ta koma barcinta? Da ta je gidan fatalwar me ta fara ji da daddare, bugu ne, cikin magagin barci ta ɗauka uwar ce ke kira.

Ni ma na yi jinyar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, shekara huɗu. Da muryarta ta yi ƙasa sai take buga cokali jikin ƙarfen gado in tana nemana, ƙwan ƙwan ƙwan, sau uku. Akwai daren da na ji sarai na ja bargo na rufe kaina na ce bari in ƙara minti biyar, gajiya ce kawai, ba abun da ya same ta ranar ruwa take so, amma ban taɓa gaya wa kowa ba dan wa zai fahimce ni, cewa za a yi 'yar banza ce. Da na zo wurin nan a littafin rufe shi na yi na fita waje. Ita Mama mace ce mai tsanani, ba ta iya yabo ba, sai dab da rasuwarta take ba ni labarin ita ma tana ƙarama aka raba ta da tata uwar ba wanda ya zauna ya mata bayani. Na so a ce na ji wannan tun ina da shekara goma sha biyar, lokacin da nake zaton tsana ta take.

Inda nake faɗa da marubutan nan shi ne yawan kashe 'yar. Matilda wuƙa, Eleanor ta kai motarta ta daki bishiya, kamar dai ba wata hanyar fita daga gidan sai a makara, haba. Mu da muka rayu bayan jinya da faɗa da shiru na shekaru muna nan, muna tashi da safe mu tafi aiki, labarinmu ma ai zai karantu.

Dan haka Edita, in kuna sharhin littattafai a riƙa sako irin waɗannan, kuma a ba mace ta yi sharhin ko sau ɗaya ne. Masu min dariya kuma su fara da na Shirley Jackson ɗin, ba shi da tsawo, su karanta su zo mu yi magana.

Taku,
Wata mai karatu