Wasiƙa Zuwa Ga Baffa Kan Mutuwar Auren Ƙanwata

Assalamu alaikum Baffa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da Inna da dukkan mutanen gida. Saƙonku ya iso ni, cewa tunda saki ya tabbata kuma ƙanwata ta gama idda, a hanzarta kammala maganar kotu ta tattaro yara ta dawo gida. Na san tausayinta ne ya sa kuka faɗi haka, amma ina roƙonku da ku saurari abin da dokar Amurka ta tanada game da fansho da kuɗin naƙasa, domin gaggawar 'yan watanni tana iya jawo mata asarar da za ta bi ta har tsufa.

A nan akwai hukumar gwamnatin tarayya mai suna Social Security, wadda aka kafa tun 1935. Duk ma'aikaci ana cire masa wani kaso daga albashinsa a zuba mata, kuma sai mutum ya tara maki 40, wato aikin kimanin shekara 10, kafin ya cancanci fansho da sunansa. Ƙanwata ba ta kai ko kusa da haka ba, saboda yawancin zamanta a ƙasar nan renon yara ta yi, daga baya kuma ta koma jinyar mijin bayan haɗarin da ya hana shi aiki. Sai dai doka ba ta manta da irinta ba. Matar da aka saka tana da ikon karɓar fansho bisa tarihin aikin tsohon mijinta, muddin auren ya cika shekara 10, ta kai shekara 62 da haihuwa, ba ta da wani aure a lokacin, kuma abin da za ta samu da nata aikin bai kai wannan ba.

A nan ne wuyar take, Baffa. Aurensu shekara tara ne da 'yan watanni, kuma hukumar ba ta san sakin da aka furta a gaban liman da shaidu ba. Lissafinta yana farawa daga ranar da ke kan takardar aure zuwa ranar da alƙalin kotun jiha ya sa hannu a hukuncin ƙarshe na rabuwa. Idan aka sa hannun saura mako ɗaya shekara 10 ta cika, ba ta da ko sisi a wannan ɓangaren, kuma babu wani ɗaukaka ƙara da zai gyara. Idan kuwa aka jira ta cika, hakkin ya zama nata. Sakin addini ya riga ya auku, ba wanda ya ce ta koma ɗakinsa. Takardar kotu kawai nake so a jinkirta, kuma wannan jinkiri ba yaudara ba ne, lauyoyi suna shawartar mutane da shi a fili.

Ga yadda kuɗin yake. Ga waɗanda aka haifa daga 1960 zuwa sama, cikakkiyar shekarar ritaya 67 ce. Idan ta jira zuwa lokacin, za ta sami rabin cikakken kason tsohon mijin, idan kuma ta fara karɓa tun tana 62, zai ragu zuwa kashi 32.5 cikin ɗari. A misali, in kasonsa dala 2,000 ne a wata, ita za ta sami 1,000 ko kuma 650. Idan ya riga ta rasuwa, Allah ya sa mu cika da imani, ana ɗaukarta kamar matar mamaci: tana iya fara karɓa daga shekara 60, ko 50 idan ita ma ta naƙasa, kuma kason yana tashi daga kashi 71.5 har zuwa cikakken abin da yake karɓa. Haka nan inshorar asibiti ta tsofaffi, wato Medicare, tana iya samunta a shekara 65 ta wannan hanya.

Na ji cewa dangin mijin suna ganin kamar so ake a ci dukiyar ɗansu alhali yana fama da jinya. Don Allah ku kwantar musu da hankali, domin ku za su fi ji. Abin da za a ba ta ba daga kasonsa ake yankowa ba, ba zai ragu da ko dala ɗaya ba, haka ma kason matar da zai aura nan gaba. Kuɗin naƙasar da yake karɓa yanzu, wanda ake kira SSDI, da guminsa ya same shi, kuma rabuwar aure ba ta taɓa shi. Wani abu da kotu za ta iya yi shi ne ta umarci a riƙa cire kuɗin ciyar da yara daga ciki, wanda dama nauyi ne da addini ya ɗora masa.

Akwai asara guda da ba makawa, kuma gara ku ji ta daga bakina. Ɗan abin da ake ba ta yanzu a matsayin matar mai naƙasa da ke kula da yaro ɗan ƙasa da shekara 16 zai tsaya da zarar kotu ta raba auren. Na zauna da ita a teburin ɗakin girkinta, ta baje takardun haya da na wuta da wasiƙun hukumar, muna lissafi da biro har dare ya yi nisa, kuma a gaskiya giɓin ba ƙarami ba ne. Abin da ya ɗan sanyaya mana rai shi ne kason yaran yana nan har su kai shekara 18, ko 19 idan suna sakandare, domin hakkinsu ta wajen uba yake, ba ta wajen auren ba.

Wani tallafin dabam kuma shi ne SSI, wanda ake bai wa tsofaffi da naƙasassu marasa ƙarfi. Shi ana duba abin hannun mutum ne, kada ya wuce dala 2,000 ga mutum ɗaya ko 3,000 ga ma'aurata, kuma yana tsayawa idan mutum ya yi kwana 30 a wajen ƙasar. Na ambace shi ne kawai don mutane suna yawan haɗa su, amma bai shafe ta ba a yanzu.

Game da sabon aure, ni ma ina yi mata fatan miji nagari, kuma ba zan taɓa cewa ta zauna haka saboda kuɗi ba. Abin sani shi ne, muddin tana cikin wani auren, a ƙa'ida ba za ta karɓa da sunan na farko ba, amma idan wancan ya ƙare hakkin yana dawowa. Saboda haka cika shekara 10 ɗin ba ya hana ta komai, garkuwa ce kawai da za ta ajiye.

Maganar dawowa gida ita ma tana bukatar natsuwa. Har yanzu katin zama na dindindin gare ta, ba ta zama 'yar ƙasa ba. Wanda ba ɗan ƙasa ba, a ƙa'ida ana dakatar masa da biya idan ya wuce wata shida a waje sai in ya cika wasu sharuɗɗa, kuma doguwar tafiya tana iya kashe katin kansa. Ta riga ta wuce shekara biyar ɗin da ake bukata kafin neman zama 'yar ƙasa, don haka ra'ayina shi ne ta nema tukuna, sannan ta zo ta gan ku da jikokinku hankali kwance.

Abin da nake roƙo a wajenku biyu ne. Ku yi magana da mahaifin mijin ya amince a bar takardar kotu har shekarar ta cika, sannan ku sa a nemo ainihin takardar shaidar aurensu mai ɗauke da kwanan wata da hatimi, a aiko mana da ita ta hannun amintaccen mutum, domin ita hukumar za ta fara tambaya.

Ku gaishe mini da Inna, ku ce mata yaran suna lafiya. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Wassalam,
Ɗanku