Tsarin sunayen mutanen Hangari da rikicin sunayenmu a takardu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda sunayenmu suke rikicewa a takardun hukuma.

A watan jiya na raka ɗana wani ofishi a nan Jos, aka dawo mana da takardunsa saboda a shaidar makaranta sunana ne a gurbin sunan iyali, a katin ɗan ƙasa kuwa sunan kakansa. Jami'in ya jera su a kan tebur ya ce, "Baba, ai waɗannan mutum biyu ne." Sai da muka je kotu muka yi rantsuwa.

Wannan ya sa na tuna da mutanen Hangari, waɗanda suke zaune a tsakiyar Turai amma suka riƙe tsarinsu, domin su sunan iyali suke farawa da shi. Ɗan wasan Liverpool da yaranmu suke kira Dominik Szoboszlai, a ƙasarsu Szoboszlai Dominik ne, kuma wasalin da ke ƙarshen sunan yana danganta mutum da gari, kamar yadda Malam Aminu Kano da Shehu Shagari suka ɗauki sunayen garuruwansu. Sauran sunayen ma tamkar a unguwarmu aka raɗa su: Kovács maƙeri ne, Szabó tela, Mészáros mahauci, Nagy babba, Kiss ƙarami. Török kuwa Baturke ne, kuma ba abin mamaki ba ne a ƙasar da daular Usmaniyya ta Turkawa ta riƙe birninta na Buda daga 1541 zuwa 1686.

Akwai al'adarsu guda da ba ta burge ni ba, inda matar aure take ɗaukar cikakken sunan mijinta, matar Kovács János ta koma Kovács Jánosné, nata sunan ya ɓace, ko da yake yanzu doka ta ba ta zaɓi. Mu addini ya hore mu da danganta kowa ga mahaifinsa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, mutanen Hangari suna da rijistar sunayen yanka wadda masana harshe suke kula da ita, kuma wanda yake son sunan da ba ya ciki sai ya nemi izini. Ban ce a hana uba raɗa wa ɗansa sunan da yake so ba. Amma nawa ne cikin matasanmu suka san cewa Tanko namiji ne da aka haifa bayan 'ya'ya mata, Gambo kuma mai bin tagwaye? Ina kira ga masana Hausa na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da su tattara sunayenmu da ma'anoninsu da daidaitaccen rubutunsu, sannan su zauna da hukumomi a tsayar da sunan da Bahaushe zai riƙa sawa a gurbin sunan iyali.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku, daga Jos