Baƙonku ya karanta mana rabin dokokin Lateran ya ɓoye rabi

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na rubuto ne saboda maganar da baƙonku ya yi a shirin tarihi na ranar Lahadi, inda ya ce taron Lateran na 1215, wato babban taron shugabannin cocin Katolika a Roma, ba a yi shi don komai ba sai don farautar 'yan bidi'a, limaman coci kuwa an bar su suna cin karensu babu babbaka. Wannan magana ta ɓata mini rai ƙwarai, kuma mai gabatarwa bai tanka masa ba ko sau ɗaya.

Ni katikis ne, mai koyar da addini a coci, na tsufa a wannan aiki. Tare da maƙwabcina muka saurari shirin a ƙofar gida, Musulmi ne, aminina tun muna samari. Ana gamawa ya juyo ya ce, "Malam, ashe haka fadanninku suke tun asali?" Na shiga ɗaki na ɗauko masa littafin tarihin Ikklisiya da aka koyar da mu da shi, na buɗe masa dokokin nan 71 da Fafaroma Innocent na Uku ya gabatar a Roma a watan Nuwamba na shekarar, gaban bishop fiye da 400.

Wa bulalar ta fara sauka a kansa? Limaman. Doka ta 15 ta ce limamin da ya mai da buguwa ɗabi'a, aka gargaɗe shi bai daina ba, a dakatar da shi, ta kuma hana su farauta da karnuka da tsuntsaye. Ta 16 ta hana su shiga gidan giya sai in tafiya ta kama, ta hana caca, ta hana jan tufa da kore. Ta 17 ta tsawata wa masu raba dare suna ciye-ciye da hira har su kasa tashi addu'ar asuba. Ta 66 ta hana tatsar kuɗi a wurin jana'iza da ɗaurin aure. Doka ta 21 da baƙonku ya kawo, wadda ta wajabta wa kowane baligi furta zunubi aƙalla sau ɗaya a shekara, ya karanta kanta ya bar wutsiyarta: limamin da ya tona abin da aka faɗa masa a asirce, a tuɓe shi, a kulle shi a gidan sufaye yana tuba har ƙarshen ransa. Ina cin kare babu babbaka a nan?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsallake doka ta 18. Kafin ta, a Turai ana sa wanda ake tuhuma ya ɗauki ƙarfe mai zafi a hannu, a ɗaure hannun, bayan kwana uku a kwance a duba, in ya ruɓe to shi ne mai laifi. Limami ke sa wa ƙarfen albarka. Taron ya hana limaman yin haka, al'adar ta fara mutuwa, a 1219 Ingila ta daina. Ko ambatonta baƙonku bai yi ba.

Shelar aure da nake karantawa a coci da bakina kafin a ɗaura, don mai ƙorafi ya fito, tushenta doka ta 51 ce. Na taɓa karanta ta, bayan an tashi wata tsohuwa ta biyo ni bayan coci da sandarta, ta riƙe mini hannun riga, ta ce angon yana da mata da 'ya'ya a wani gari. Aka bincika, haka ne. Yarinyar nan ta tsira, yanzu tana gidan wani mijin da jikokinta.

Ba na cewa taron ba shi da tabo. Doka ta 3 ta miƙa 'yan bidi'a hannun sarakuna, a hukunta su a ƙwace dukiyarsu. Ta 68 ta tilasta wa Yahudawa da Musulmi sa tufafin da za a bambanta su. Na karanta wa maƙwabcina wannan ma, ban tsallake ba, kuma na gaya masa zalunci ne. Ƙona Jan Hus, limami ɗan Czech da wani taron coci na daban ya kama da laifin bidi'a a garin Konstans na Jamus a 1415, abin baƙin ciki ne, Fafaroma John Paul na Biyu da kansa ya nuna nadama a kansa a 1999. Ku faɗi duk wannan. Amma a gari irin namu da Kirista da Musulmi ke jin rediyo ɗaya a tabarma ɗaya, rabin magana tana iya haɗa faɗa. Ku sake shirin, ku kawo wanda ya karanta dokokin duka.

Sannan don Allah ku duba tallan maganin gargajiyar nan da kuke sakawa a tsakiyar shiri. Ya yanke lokacin kiran waya gaba ɗaya, ga ƙarar ta fi ta shirin, sai mutum ya zabura ya rage murya. Ku mayar da shi ƙarshe.

Naku mai sauraro,
Wani tsohon katikis daga Kudancin Kaduna