Tarin da na ji a zaure

Abba,

Assalamu alaikum. Ina fata kun isa Abuja lafiya kai da iyalinka, gajiyar Sallah kuma ta bi lafiya. Mu nan Tudun Wada sai godiya. Ruwa ya sauka sosai bayan tafiyarku, har katangar nan ta wajen gidan Gwaggonka ta sake tsagewa, amma wannan maganar wata rana ce.

Ka san ni ba ma'abocin wasiƙa ba ne. Sau uku ina ɗaukar waya zan kira ka ina ajiyewa, don na san yadda za ta kaya. Zan fara, ka ce "to Baba, in sha Allahu," nauyin baki ya kama ni, mu ɓige da zancen kuɗin taki. Shi ya sa na ɗauko biro.

Washegarin Sallah, kafin assalatu, na fito da buta zan yi alwala sai na ji ka a zaure kana tari. Ba na mura ba ne. Irin mai tasowa daga can ƙasan ƙirji ne, a yi uku a jere, a tsaya a jawo numfashi da ƙyar, sannan a yi kaki. Na daskare a tsakar gida har ruwan butar ya riƙa zuba a ƙafata ban sani ba. Abba, na san tarin nan. Shekara biyu bango ɗaya ne tsakanina da shi.

Da hantsi Ummanku ta tsinci laitar kunna taba a aljihun farar shaddarka da za ta ba wanki. Ba ta ce uffan ba, ta kawo ta ajiye min a kan darduma ta fita. Saboda haka kada ka je ka tuhumi matarka, yarinyar nan ba ta faɗa wa kowa komai ba, ta rufa maka asiri fiye da yadda ya kamata ma. TomTom ɗin da kake tsotsa, da turaren da kake zubawa kamar ango, da "bari in je in sayo kati" bayan kowane cin abinci, wa kake ɓoye wa? Duk na yi irinsu tun ba a haife ka ba.

Na san abin da ke ranka, gara in riga ka faɗa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Haka ne. Shekara 20 cur ina zuƙa, daga 1981 da na kama aiki a kamfanin taba har azumin 2001. Ni na riƙa aikenka wurin mai tebur na bakin layi kana ɗan shekara bakwai, ka dawo da kara biyu a dunƙule a hannu, in ce ka riƙe canjin. Ban manta ba, kuma kullum ina neman gafarar Allah a kai. Amma aikin kansa ba zan tsaya ina ba ka haƙuri a kansa ba. Da albashin nan aka yanka ragon sunanka, da shi aka rufa ɗakin da ka kwana a ciki ranar Sallah, da shi na kai kakarku Makka. Ban yi sata ba, ban ci na kowa ba. A wancan zamanin samun aiki a can abin taya murna ne a Zariya, manoma kuma a ƙauyuka da ganyen taba suke aurar da 'ya'yansu. Ba mu san abin da kuka sani yanzu ba. To, in faɗi gaskiya, daga baya mun sani. Tun dokar 1990 ta zamanin Babangida gargaɗin yana jikin kwali, rediyo ma tana faɗa a ƙarshen kowace talla cewa mashaya taba na iya mutuwa da ƙuruciyarsu. Dariya muke yi mu kunna wata.

Ba ka ga ƙarshen Baffanka ba, kana bautar ƙasa a lokacin, ka zo ka tarar da zaman makoki kawai. Mun ce maka ya yi fama da ciwon ƙirji, muka bar ta a haka. Yau zan gaya maka. Mutumin da aka sani da ƙwallo a duk unguwar nan, wanda ke tuƙa keke daga Tudun Wada zuwa Samaru ya dawo bai ce wash ba, ya koma daga ɗakinsa zuwa banɗaki sai ya huta sau biyu, hannu dafe da bango. Fatiha ba ya iya kai ta da numfashi ɗaya, ko da biyu. A zaune yake salla, a zaune yake barci da matashi uku a baya, don in ya kwanta ji yake kamar an danna kansa cikin ruwa. Likitocin asibitin koyarwa na Shika sun yi iya yinsu, Allah ya saka musu. Ɗaya daga cikinsu ya zaunar da ni ya zana min huhu a takarda. Ya ce a ciki akwai 'yan ƙananan jakunkunan iska masu ɗimbin yawa, hayaƙi yana cinye bangonsu a hankali har su ɓarke su haɗe, kuma wanda ya ɓarke ya tafi ke nan, babu maganin da ke dawo da shi. Muka riƙa jigilar tukunyar oksijin a bayan motar haya. Daren ƙarshe ya riƙe min hannu yana son ya yi magana, iskar da zai yi ta da ita babu. Shekararsa 52.

Ni na kunna masa karan farko, a bayan sinima a Sabon Gari, yana ɗan sakandare. Ko Ummanku ba ta san wannan ba.

Tun ranar da na ji ka a zaure ban yi barcin kirki ba. In na rufe ido sai in ga gadon nan na Shika, in duba fuskar in ga taka ce. Na binne mahaifina wanda kake ɗauke da sunansa, na binne ƙanena. Ajali na Allah ne, ban musa ba. Amma ku ya kamata ku ɗauke ni zuwa makwancina, kai ne za ka shiga ramin ka karɓe ni. Kada ka juya min al'amarin nan, Abba. Ba zan iya sake riƙe hannun wani nawa yana neman iska ba.

Kuma abin da ya fi ɓata min rai, kai ba jahili ba ne. Ni a aji biyar na tsaya, kai ka yi shekara huɗu a jami'a a Samaru. Ka fi ni sanin cewa hayaƙin nan yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki masu jawo sankara. Yanzu har hotuna masu tayar da hankali ake bugawa a jikin kwali. Gwamnati ta yi doka a 2015 ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, ta hana sayar da kara ɗaya-ɗaya, ko da yake mai tebur ɗin layinmu bai san an yi ba. Da wane ido kake kallon 'yarka in ka ɗauke ta rigarka tana wari? Na shiga motarka ranar da ka kai ni gaisuwa Ƙofar Doka, kujerun sun riga sun sha. A nan ake ɗora jaririya. Hayaƙin da kake busawa ba ya tambayar huhun wa zai shiga. Wannan son kai ne, kuma ban haife ka don ka zama mai son kai ba.

To, ya isa. Ba faɗa na zauna yi ba.

Abin da nake so ka ɗauka daga wurina guda ɗaya ne: ba a barin taba a ɓoye. Sau uku na gwada ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba don kada in ji kunya in na koma, sau ukun kuma na koma, tun da ba wanda zan ji kunyarsa. Na huɗun, a azumin 2001, cikin sanyin hunturu, na yi suɓul da baka na gaya wa abokina tela, Allah ya jiƙansa. Ana sallame asham ya miƙe a ƙofar masallaci ya ce, "Jama'a, ku taya mu addu'a, Malam ya bar taba daga yau." Kamar ƙasa ta tsage in shige. Washegari ya je da kansa ya gaya wa mai tebur cewa duk ranar da ya sayar min, shi da shi ne. Mai shayi ya daina miƙo min ashana. Na yi kwana biyu ba na gaishe shi, amma shi ya cece ni.

Satin farko bala'i ne, ba zan yi maka ƙarya ba. Kai ya yi ta sarawa, barci ya ƙi, komai haushi yake ba ni. Ka tuna marin da na yi maka a kan filas ɗin da ka fasa? Ba filas ba ne. Bayan shan ruwa ne abin ya fi tsanani, lokacin da na saba kunna ta farko. Ummanku ta gane, sai ta riƙa ajiye min soyayyar gyaɗa da asuwaki kusa da kofin kunu, ana idar da magariba tela yana ƙofar gida yana kwaɗa sallama. Mu taka har Ƙofar Doka mu dawo, yana ba ni labaran banza. Ashe ƙwaɗayin minti kaɗan yake yi ya sake ka, in ka samu abin da ya ɗauke maka hankali. Bayan wata guda na ji ɗanɗanon miyar kuka kamar ban taɓa shan ta ba. Na zame sau ɗaya, a wani biki a Funtuwa, na sha kara biyu. Da na gaya masa bai yi min wa'azi ba, cewa ya yi, "To, gobe da asuba ina nan tafe." Tafiyar nan har yau ban daina ba, ita ce ta riƙe min hawan jini. Kuskurena ɗaya da na maye gurbinta da goro, ga haƙorana nan shaida, kada ka bi ni a wannan. Shisha kuma da samarin yanzu ke cewa ruwa yana tace ta, taba ce ta sake riga.

Na sa ƙanwarka mai karatun jinya ta duba min, ban gaya mata dalili ba. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cikin awa 12 da dainawa iskar gubar da ke cikin jini take sauka, cikin 'yan watanni tari ya ragu, bayan shekara guda haɗarin ciwon zuciya ya ragu da rabi, bayan shekara 10 na sankarar huhu ma ya koma kusan rabi. Wanda ya bari yana wajen shekara 30 kuwa yana iya tsira da kusan shekara 10 na rayuwar da taba za ta ci masa, da izinin Allah. Kai 32 gare ka. Ta ce akwai cingam da wani abin liƙawa a fata masu rage ƙwaɗayin, likita zai yi maka bayani. Mu a zamaninmu gyaɗa ce kawai.

Tarin nan kuma ka je a duba shi cikin satin nan, ba sai ka daina ba tukuna. Duk tarin da ya wuce sati biyu ana gwajin tarin fuka, kyauta ne a asibitin gwamnati. In ka fi so ka zo gida, ni zan raka ka asibitin tarin fuka na Saye ko Shika da ƙafata.

Ka fara da matarka. Ka zaunar da ita ka gaya mata ranar da ka tsayar, ka ba ta izinin ta yi maka magana ba tare da ka ɗaure fuska ba. Sannan ka nemi mutum ɗaya a wurin aikinku ko masallacinku, mai bakin tela, wanda ba ya jin nauyinka. In ba ka samu ba, ga ni. Ko ƙarfe biyun dare abin ya taso maka, ka kira, ai dama ba barci nake ba.

Na ba direban da ka sani a tashar Kwangila saƙo: dabino, ƙullin asuwaki, da gyaɗar da Ummanku ta soya da hannunta. Ba ta san na rubuta wannan ba, amma da ta ga ina neman ambulan ta tashi ta hura wuta. Laitarka tana cikin durowata, ba zan aiko da ita ba.

Ka gaishe da mai ɗakinka, ka shafa min kan amaryata. Ina jiran wayarka ranar Juma'a bayan an sauko. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Tudun Wada, Zariya