Zuwa ga abokina: ga hotunan Zariya da ka nema

Tudun Wada, Zariya.

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya baƙunta? Na leƙa gidanku ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Hajiya tana nan lafiya, ta ce in gaya maka Malesiya ba lahira ba ce, ka daina shafe wata guda ba ka kira ba. Ni dai ɗan aike ne.

Ka ce kewar gida ta dame ka, in turo maka hotunan gari. Ga su nan guda goma sha biyu, amma sai ka saurari surutuna tukuna, don wannan aike naka ya jefa ni cikin abin da ban shirya masa ba. Wata uku ke nan ina yawo da waya a hannu kamar mai neman ɓatacciyar akuya.

Ranar farko da tsakar rana na tafi Ƙofar Doka, na ɗauki hotuna sun kai talatin. Da na dawo na duba, ko ɗaya babu na kirki. Sama ta yi fari fat, gini ya koɗe, fuskokin mutane kuwa sun yi baƙi ƙirin a ƙarƙashin huluna. Na fara zagin wayar. Ƙanen matata, wanda ke karatu a sashen zane-zane na ABU a Samaru, ya karɓa ya duba, ya ce, "Yaya, wayar ba ta da laifi, kai ne ka fita rana tana tsaka." Ya ce abin da ke karɓar haske a cikin kyamarar waya bai kai farcen yatsa girma ba, don haka ba ya iya riƙe haske mai ƙarfi da inuwa mai duhu a lokaci guda. Ya nuna mini yadda ake taɓa allo a kan abin da ake so ya fito, sannan a ja 'yar alamar ranar nan ƙasa a rage haske. Kafin duk wannan ma sai da ya goge gilashin kyamarar da gefen rigarsa. Ashe rabin dusashewar hotunana ƙurar hunturu ce da maiƙon basilin ɗin hannuna.

Yaron nan akwai alfahari da sashensu. Shi ya ba ni labarin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, waɗanda suka kafa ƙungiyar masu zane a nan Zariya a 1958, tun makarantar tana kwaleji, kafin ta zama jami'a a 1962. Sun ƙi yarda su riƙa kwaikwayon malamansu Turawa kawai, suka ce sai sun haɗa da abin da suka gada a gida. Na yi dariya na ce to ni da wayata zan yi nawa tawayen.

Ba wasa nake ba. Abin da na gano shi ne wayar nan tana da nata ra'ayin. In ka danna sau ɗaya, hotuna da yawa take ɗauka cikin ƙiftawar ido, ta haɗa su, ta gyara yadda ta ga dama: ta ƙara wa sama shuɗi, ta haskaka inuwa, ta goge fuska ta yi sumul kamar ta amarya. Hazon nan namu kuwa datti ta ɗauke shi. Na je wajen dutsen Kufena da sassafe, hazo ya rufe shi, sai kansa kaɗai ake gani, rana ta fito jajir kamar faifan da aka rina. Na danna, sai wayar ta yi ta ƙoƙarin wanke mini hazon, hoton ya fito kamar na jikin kalanda. Sai da na kashe HDR, wato tsarin nan na haɗa hotuna da yawa a daidaita haske da inuwa, da abin gyaran fuska, na rage haske, sannan na samu abin da idona ya gani. Shi ne hoto na uku. Kai da ka shekara biyu ba ka ga hunturu ba, ina jin har ƙamshin hayaƙin kara za ka ji.

Wanda na fi so dai shi ne na bakwai. Cikin birni na shiga bayan la'asar, na ga wani dattijo a zaure yana ɗinkin babbar riga, aska takwas a kan farar shadda. Zauren da duhu, sai haske ɗaya da ke shigowa ta ƙofa yana sauka daidai kan cinyarsa. Na yi sallama, na durƙusa na ce, "Baba, sannu da aiki. Ko za ka yarda in ɗauki hoton hannunka?" Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Hannu kawai, ɗan nan? Fuskar ba ta yi maka ba ke nan?" Muka yi dariya, ya matsa mini gefen tabarma. Na kusa minti arba'in a zaune ban ɗauki komai ba, muna hirar tsadar zare da yadda ɗinkin inji ya karya musu kasuwa, har ya manta da wayar. Sannan na taɓa allo a kan allurar, na rage haske har bangon zauren ya ɓace cikin duhu, ya rage yatsu da zare da kantar da ke jikin babban yatsansa. Da na nuna masa ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ashe na tsufa." Can kuma ya sa farce a kan allon ya nuna mini wani wuri da ɗinkin ya ɗan karkace, ya jawo rigar ya warware shi. Na wanko hoton na kai masa bayan kwana biyu.

Na hawan Sallah kada ka sa rai. Ina can bayan cunkoso a ƙofar fada, na yi ta jawo mahayan da yatsu biyu, ban san cewa a irin wayata jawowar yanke hoton kawai take yi tana buɗa shi ba. Dawakan suka fito kamar an dama kunu. In Allah Ya kai mu ta gaba, da ƙafata zan matsa, kuma tun da wuri.

Abin da ya rage mini shi ne tsohon Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarim. Ka tuna bakan gizon nan na ginin ƙasa masu riƙe rufi da ke cikinsa, da aka lulluɓe da sabon gini? Sai na nemi izini tukuna, ba wurin ɗaga waya kai tsaye ba ne. Ciki da duhu, dole sai da tsarin dare na kyamarar wayar, shi kuwa yana buƙatar daƙiƙa biyu ko uku hannu bai motsa ba. Ina ta gwaji a ɗakina, in manna gwiwar hannu a ƙirji in riƙe numfashi, uwargida tana kallona tana girgiza kai.

Hotunan a matsayin fayil na turo su ta WhatsApp, don in an tura su kai tsaye matse su ake yi, zaren dattijon nan ba zai fito ba. Za su ɗan ci maka data. Kai ma ka turo mini naka, amma ban da dogayen benayen nan na Kuala Lumpur da kowa ke tsayawa a gabansu. Ina son in ga tagar ɗakinka da safe, da wurin da kake sayen abinci.

Ka gaida maiɗakinka da yara. Kuma ka kira Hajiya.

Naka,
abokinka na Tudun Wada.