Inji Bai Kori Marinan Ƙofar Mata Ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Masu cewa injina za su kawar da aikin hannu ƙaƙaf, su leƙa marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda aka kafa tun 1498. Har yau da baba da toka da kanwa ake haɗa ruwan rini, kuma idon marini ne ke gane shuni ya kama. Gaskiya yadin Chaina ya fi araha, ya kwashe kasuwa, rijiyoyin rini da dama sun bushe. Amma Buzaye masu neman turkuɗi na ainihi, wato yadin nan mai shuni da sheƙi, ba sa yarda da na inji. Damuwata ita ce matasa sun daina koyon sana'ar. Ya kamata Gwamnatin Kano ta tallafa wa masu koyar da su.

Naka, mai karatu daga Kano.